Inna, Ranar da Kika Faɗi Sunansa

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ɗiya ke durƙusawa ta yi wa uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ya sa makwancinki ya yi miki faɗi. Ni ce Luba, autarki, malamar makarantar nan ta Amarawa da kike cewa bakinta ya fi allonta aiki.

Na san da kina raye da ba ki bar ni na kai wannan takarda jarida ba. Da kin ce na tona miki asiri a kasuwa. Ki yi haƙuri. Tun bayan rasuwarki a damunar da ta wuce, mata ke zuwa gidana suna tambayar yadda muka yi aka ga Yaya bayan an ɗauke shi, kuma kusan kowace tana da nata wanda aka ɗauka. Na gaji da faɗi ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida murya ƙasa-ƙasa. Ba zan ambaci sunan ofishi ko na wani mai kaki ba, don har yau su ke riƙe da ƙasa, kuma ina da 'ya'ya ƙanana. Abin da nake so kawai in yi miki godiya inda mutane za su ji.

Dole in fara da abin da duk mutumin Illela ya sani, saboda baƙin da za su karanta. Yaya shi ne ɗanki na fari, kuma sunan surukinki aka sa masa, watau kunya biyu a kan mutum ɗaya. Tun ranar da aka yaye shi Goggo, yayar Baba, ta goya shi ta tafi da shi ɗakinta, can ya girma. Gari duka Ɗan Goggo ake ce masa. Ke kuwa ko wannan ba ki cika faɗi ba. Wancan yaro, kike cewa, ko mai motar nan, bayan ya sayi akori-kurarsa ta ɗaukar albasa. In ya shigo gaishe ki, sai ki juya ki hau gyaran wuta ko tsince gero, ki amsa kamar da bango kike magana. Ni kuwa da nake auta, sunana ba ya hutawa a bakinki daga safe har dare. Ina ƙarama na ɗauka ba ki son shi ne. Sai da na yi wayo na lura cewa duk ranar kasuwa, naman da ya fi kyau a miya ɗakin Goggo yake tafiya.

Shekarar da aka rufe iyaka, Goggo ta riga ta rasu, Baba ma haka. Kin tuna yadda gari ya koma. Hanyar Ƙwanni, garin da ke ƙetaren iyaka, da muke bi kamar hanyar rijiya ta cika da shinge da bindigogi, ga fari, tafkin Kalmalo ya ja baya har yara na wasa inda ake jefa taru. A cikin wannan hali mahaifin Ramatu, matar Yaya, ya rasu a Ƙwanni. To wa zai ce wa mutum kada ya je jana'izar surukinsa don an ja waya a tsakiyar gonaki? Kuka bi hanyar ƙafa da safe, ke da shi da Ramatu, kamar yadda kowa ke yi. Ramatu ta zauna can zaman makoki, ku biyu kuka juyo bayan azahar.

Ba tare kuke tafiya ba, ba ku taɓa yi ba. Shi yana gaba, ke kina baya da nisa, kamar ba hanyarku ɗaya ba. Kin ce mini daga inda kike kika ga mota ta fito daga bayan geza, mutum huɗu ko biyar masu kaki suka sauko suka tare shi. Kafin ki iso sun sa shi ya durƙusa, hularsa tana ƙasa. Ɗayansu ya dube ki ya ce, "Tsohuwa, kin san wannan?" Kika ce, "Ɗan Goggo ne." Ya ce to ki wuce, ki gaya wa Goggon ta zo da kanta. Suka jefa shi a mota. Kika ɗauki hular kika iso gida da ita a hannu.

Ba ki yi kuka a gabanmu ba. Amma na ji ki kina gaya wa Ramatu, bayan ta dawo, "Hala da na ce nawa ne da sun bar shi." Ramatu ta ce ba su barin kowa. Ba ki yarda ba, na gani a fuskarki.

Abin da ya fi tayar mana da hankali ƙirjinsa ne. Yaya yana da asma tun yana yaro, irin wadda in ta tashi sai a ji numfashinsa daga zaure. Ƙwayoyinsa suna cikin mota a ƙofar gida, ya bar su don yana ganin da la'asar yana gida. Duk wanda ya san shi ya san ba zai daɗe a ɗaki mai cunkoso ba magani ba.

Baffa Garba, ƙanen Baba, shi ne babbanmu, kuma ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da ya san mutane. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi yawo. Ya je nan cikin gari, ya je Gwadabawa, ya je Sakkwato, ni ma na bi shi wasu wuraren. Ko'ina amsa ɗaya: babu mai wannan suna, ba mu kama kowa ba ranar, wa ya ce muku mu ne? Wani ma ya ce mana wataƙila mutanen ƙetare ne suka ɗauke shi. Na ce masa mutanen ƙetare da Turanci suke ba da umurni? Baffa ya taka mini ƙafa har sai da na yi ɗingishi. Da muka fito ya ce bakina zai sa a haɗa da mu. Na ce ai gara a haɗa, ƙila mu gan shi.

Daga baya wani ya ja Baffa gefe ya ce masa in yana son aikinsa ya bar wannan magana. Daga nan sai ya fara wata. Ya zo ya zauna a ƙofar ɗakinki ya ce mai asma ba ya kai haka a tsare, a yi masa sallar da ake yi wa wanda ya mutu nesa, a yi sadaka, Ramatu ta shiga takaba ta san matsayinta. Ba mugunta ba ce, tsoro ne da gajiya. Kin saurare shi har ya gama, don ba ki taɓa katse ƙanen miji ba. Sannan kika ce, "Malam Garba, wancan yaro da ƙahwatai anka tahi da shi. In ya mutu a kawo mani in gani." Baffa bai sake tayar da zancen a gabanki ba.

Wata safiya ina shirin makaranta, rediyo na kan taga, na ji wani shiri daga gidan rediyon waje. Suna hira da wata mata daga wata ƙasa mai nisa da aka ɗauke wa ɗa, hukuma ta ce ba ta san zancen ba. Suka ce akwai wani kwamiti a Turai da aikinsa ke nan: iyalin wanda aka ɗauka aka musa su rubuto, shi kuma ya tambayi gwamnatin ƙasar, ina wane? Ba su da soja, ba su da kotu. Tambaya kawai suke yi, amma a rubuce, kuma ba su daina yi sai an amsa. Na tsaya da ɗankwali a hannu har na makara.

Malam Idi, wan Ramatu mai aikin jinya a Ƙwanni, shi ya nemo mana adireshin ta hannun wani abokinsa a Yamai. Wata mai tallar daddawa da ke ƙetarowa ta kawo mini saƙon. Abin da suke so ba yawa: cikakken sunan mutum, ranar da aka ɗauke shi, wurin, su wa ake zargi, inda aka je nema, da kuma wanda ya kawo ƙarar da abin da yake gare shi. Wannan na ƙarshen shi ya tsayar da mu. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, mijina ya ce in na sa hannu in san inda zan kai 'ya'yana. Ramatu 'yar ƙetare ce, kora ɗaya za a yi mata. Baffa kuwa da na gaya masa sai ya tashi ya rufe ƙofar zaure, ya ce in kuskura in kai ƙarar gwamnati wajen Nasara ba shi ba ni. Muna cikin wannan kika ce daga inda kike zaune, "Ni mi za su kore ni daga gare shi? Kawo in dangwala."

Amma kika ce ba ki yarda da takarda ita kaɗai ba. Ke kin saba in za a aika wa 'yan'uwa saƙo Makka ko Kumasi, kaset ake ɗauka, mutum ya ji muryar ɗan'uwansa ya san ba ƙarya. Na ce, Inna, mutanen nan ba su jin Hausa. Kika ce, "Su nemi mai ji. Mu ma in anka kawo muna takardar Nasara neman mai karantawa mukai." Na aro rikodar maƙwabta, na sayo batir, muka shiga ɗakinki bayan hantsi.

Kin yi magana mai kyau, wallahi. Kin faɗi hanyar, kin faɗi gezar, kin faɗi launin motar da tabon da ke goshin wanda ya tambaye ki. Kin faɗi asma da ƙwayoyin da aka bari. Kin cika fuska ɗaya ta kaset ba ki yi tuntuɓe ba. Sai da na koma gida na zauna zan juya shi zuwa Turanci sannan na ga ɓarnar. Daga farko har ƙarshe babu sunansa, babu kuma inda kika ce ke kika haife shi. Wancan yaro. Mai motar nan. Ɗan Goggo. Mutumin Illela in ya ji zai gane nan take cewa uwa ce ke magana, don uwa kaɗai ke kewaye suna haka. Amma baƙon da ke zaune a Turai abin da zai ji shi ne wata tsohuwa mai wucewa ta ga an kama ɗan wata mata, matar kuma ba ta ma damu ta yi magana ba.

Kin san halina. Ko mayafi ban gyara ba na dawo. Na ce miki takarda za ta ce ke uwarsa ce, kaset zai ce ɗan Goggo ne, wanda ya haɗa su biyun zai ce ƙarya muke yi. Kika ce in jefar da kaset ɗin in aika takarda. Na ce ke kika ce takarda ba ta isa ba. Kika ce, "Mi kike so in ce?" Na ce sunansa. Kika ce ba ki iyawa, uwarki ba ta yi ba, kakarki ba ta yi ba, ba a kanki za a fara ba. Nan fa zuciya ta ɗebe ni, na ce uwarki da kakarki ba a jefa musu ɗa a mota suna kallo ba. Ramatu ta toshe mini baki da hannu. Mutane sun ce na yi rashin kunya, kuma na yi. Har yau in aka mayar da ni wannan rana haka zan faɗa.

Kwana biyu ba ki yi mini magana ba. Abincin da na aiko ma da kwanon ya dawo. A na ukun kika aiko a ce in zo da rikoda. Kika sa na nuna miki inda ake dannawa, kika sa na sake nunawa, sannan kika ce kowa ya fita, har Ramatu, har kaji kika kora daga ƙofa. Kika saki asabari. Mun zauna a gindin darbejiya muna jiran ki har inuwa ta juya. Da kika fito kika miƙa mini kaset ɗin ba ki dube ni ba, kika ce, "Ke kaɗai. In kin gama juyawa ki manta."

Ban manta ba, Inna. Ki gafarta mini, ba abin mantawa ba ne.

Da farko shiru ne mai tsawo, sai numfashinki da kukan kurciya daga waje. Har na ɗauka ba ki danna daidai ba. Sai kika yi bisimilla. Kika ce, "Ni Aminatu ta Illela. Ni ce uwatai. Ni na haihe shi, ba Goggo ba." Sannan kika ce, "Sunanai Haliru." Muryarki ta fito da shi a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Daga nan kuma kika kasa tsayawa. Haliru da aka haifa shekarar da rijiyar unguwa ta rushe. Haliru da kike leƙawa ta katanga in yana cin tuwo a ɗakin Goggo. Haliru da in asmarsa ta tashi kike tsayawa bayan ɗaki kina ƙirga numfashinsa, ba halin ki shiga. Kika ce an tambaye ki a hanya ko kin san shi kika ba da amsar da aka koya miki, yanzu ga amsar gaskiya, duk wanda ke da kunne ya ji. Kika ce ba ki neman a hukunta kowa, a ba shi maganinsa kawai, a gaya miki inda yake.

Na juya abin da zan iya. Turancina na koyar da 'yan aji huɗu ne, bai kai nan ba. Na rubuta suna da rana da wuri da ofisoshin da muka je, na rubuta maganarki yadda ta samu, kika dangwala yatsa a ƙasa.

Saura aikawa. Ba mu yarda da gidan wayarmu ba, ana cewa ana buɗe duk abin da zai fita waje. Sai dai Ƙwanni. Na ce mai daddawa ta kai, kika ce ba ki ɗora wa ɗiyar wani abin da zai sa a ɗaure ta. Lokacin sadakar arba'in ta mahaifin Ramatu ta wuce, amma kika ce ai gaisuwa ba ta tsufa. Kika daka gumba, kika naɗe kaset da takardar a leda kika binne a tsakiyar ƙwarya, kika ɗora a kai. Hanyar nan dai kika bi, ta gefen gezar nan. Na raka ki har bakin gonaki, ke kuwa ko waiwaye. Kin ce masu kaki sun tare ki, ɗaya ya buɗe faifan, kika ce masa sadakar mamaci ce, ya ɗiba ya yi wa mamacin addu'a. Ya gutsura daga gefe ya ce Allah ya jiƙansa. Malam Idi ya kai gidan waya da hannunsa washegari.

Sai jira. Sanyi ya shigo, lokacin da ƙirjin Yaya ya fi tashi, kowace safiya in na ga hazo sai in tuna ƙwayoyin da ya bari a mota. Ke kuwa kika rage cin abinci, kika ƙara yawan azumi, ba ki ce don me ba. Na fara zargin kaina cewa na sa ki kin karya abin da kika riƙe tun kuruciya a banza.

Amsa ta zo ta akwatin Malam Idi. Gajera ce. Sun ce sun karɓa, sun miƙa tambaya ga gwamnatin ƙasarmu, za su sanar da mu abin da aka ce. Ba su yi alkawarin komai ba. Na karanta miki, na juya, kika ce in sake karanta wurin da sunansa yake. Kika ce, "To, sun ji." Kika karɓi takardar kika sa ƙarƙashin tabarmar sallarki.

Ba a daɗe ba wasu mutum biyu suka zo cikin farar mota, ba kaki, takalmansu ne suka nuna ko su wane ne. Unguwa ta watse kamar an yi ruwa. Baffa ya zo yana zufa yana ce musu tsohuwa ce, ba ta san abin da take yi ba, yara ne suka ruɗe ta. Suka ce wa ya rubuta miki? Ina tsaye a bayanki, bakina ya buɗe ke nan kika riga ni. Kika ce, "Ni na yi magana, ni na dangwala, ni na kai. In laihi ne ga ni." Babban ya ce kin san kin kai ƙarar ƙasarki waje? Kika ce kin fara kai wa na gida, sun ce ba su san shi ba, shi ya sa kika tambayi na nesa ko su sun sani. Ya ce mene ne haɗinki da wanda ake magana? Gaban Baffa, gaban maƙwabtan da ke leƙe ta katanga, kika ce, "Ɗana ne." Suka rubuta suka tafi. Ranar Baffa bai ci abinci a gidan ba, amma da zai fita ya tsaya ya ce miki sannu, kuma na san abin da yake nufi.

Abin da ya faru a can sai daga baya Yaya ya ba ni labari, guntu-guntu, don ba ya son zancen. An yi ta sauya musu wuri har bai san garin da yake ba. Ba wanda ya taɓa tambayar sunansa, ɗan sumoga suke ce masa. Ya ce akwai lokacin da numfashi ya ƙi, waɗanda suke ɗaki ɗaya suka ɗaga shi a kafaɗa suka kai hancinsa ga 'yar tagar sama. Ya riga ya ba wani ɗan ƙauyen Lafani da suke tare wasiyya. Sai wata rana aka buɗe ƙofa, wani mai riƙe da fayil ya ce, "Wane ne Haliru, wanda uwarsa ta kai ƙara?" Yaya ya ce bai amsa ba. Ya ɗauka wani Halirun ne, don shi a saninsa wadda za ta yi masa haka Goggo ce, Goggo kuwa tana ƙasa. Sai da mutumin ya ce Haliru na Illela, ɗan Aminatu, sannan ya ɗaga hannu. Ranar aka kai shi wurin likita, aka mayar da shi gidan yari na sosai inda ake rubuta sunan mutum a ba shi bargo.

Masu wayo na gari sun ce ba takardarmu ce ta fito da shi ba, canjin gwamnati ne, don bayan juyin mulki an saki mutane da yawa. Ban musa ba, sakin nasa lokacin ya zo. Amma ba a sakin mutum sai yana da rai, kuma sai an san yana nan. Ɗan Lafanin nan da Yaya ya ba wasiyya har yau ba a gan shi ba. Na taimaki iyalinsa sun rubuta bayan Yaya ya dawo, an amsa musu an ce an tambaya, shiru ke nan. Don haka ba na yi wa matan da ke zuwa wurina ƙarya. Ina ce musu ƙofa ce, wani a buɗe masa wani a bar shi tsaye, amma ku rubuta sunan sosai, da ranar, da wurin, kuma ku faɗi abin da yake gare ku ba kewaye-kewaye. Mutanen can da ban san fuskarsu ba, da wanda suka nemo ya saurari kaset ɗin tsohuwa daga Illela, in ma sun nemo, Allah ya saka musu da alheri.

Ranar da ya dawo Lahadi ce, kasuwa ta cika. Wani direban albasa ne ya gan shi a tashar Sakkwato ya ɗauko shi a gaban mota. Kafin su iso labari ya riga su, gidanmu ya cika har zaure. Da ya sauko ban gane shi ba sai ta tafiya. Ya rame har wuyan rigarsa na zamewa, gashinsa ya yi fari a gefe, yana tsayawa ya huta tsakanin zaure da tsakar gida. Ramatu ta zube. Baffa ya rungume shi yana kuka kamar yaro, ba ya ko ɓoyewa.

Na duba ban gan ki ba. Kin shige ɗaki kin saki asabari.

Raina ya ɓaci, Inna, ba zan ɓoye ba. Na ce a zuciyata, bayan duk wannan? Na nufi ɗakin zan ɗaga asabarin, Yaya ya riƙe mini hannu ya ce in bari. Ya taka a hankali ya zo ƙofarki ya zauna a ƙasa, gefe, yadda ya saba, ya miƙe ƙafafunsa don ba su lanƙwasuwa. Ya ce, "Inna, ina wuni." Daga ciki kika ce, "Lahiya lau. An zo lahiya?" Ya ce lafiya lau. Kika ce, "Luba, a ba baƙo ruwa." Mata suka yi dariya, wata ta ce Aminatu dai ba ta canzawa.

Na kawo ruwan na durƙusa zan ba shi, sai na ga abin da sauran ba su gani ba, don jikinsa ya kare. Hannunki ya fito ta ƙarƙashin asabari ya kama idon sawunsa. Kin riƙe shi har jijiyoyin hannunki sun tashi. Shi kuma yana ta amsa barka da arziki, yana shan ruwa, bai motsa ƙafar ba. Mutane suka yi ta shiga da fita, aka kawo fura, aka kawo tuwo, aka ce ya tashi ya shiga ya huta, ya ce nan ma ya yi masa daɗi. Aka kira la'asar, maza suka fita, liman ya aiko a ce ana jiransa. Ya ce a ce wa liman a yi, zai rama. Ba ki sake shi ba sai da rana ta faɗi.

Na gode, Inna. Na gode a madadina, da Ramatu, da 'ya'yansu. Yaya yana nan, ƙirjin yana taɓa shi in sanyi ya zo, amma ya koma kan motarsa.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki. Allah ya haɗa ki da Baba da Goggo a inuwar da ba ta gushewa. Waɗanda har yanzu ke jiran nasu, Allah ya ba su labari, ko mai daɗi ko mai ɗaci, ya fitar da su daga zaman rashin sani. Yadda kika riƙe ɗanki, Allah ya riƙe ki da rahamarsa. Amin.

Wassalam.

Ɗiyarki mai baki,
Luba
Illela